Ƙafata Ce, Ba Sensa Ba

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban wannan taro, wanda ya sa farar riga yau don kada a gane bakanike ne, amma farcensa ya tona masa asiri, shugabannin ƙungiyar masu mayar da motoci kan gas, malamai masu kwamfutar da ke jin ciwon mota, masu wayarin, direbobi, 'yan'uwana mata da aka ajiye can baya kusa da ƙofa, jama'a baki ɗaya, ina gaishe ku, ina yi muku sannu da zama.

Na gode da kuka miƙa wa tsohuwa lasifika. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, sana'ata sayar da zare da maɓalli, kuma har yau ban san bambancin birki da totur ba. Amma an ce in zo in faɗi abin da ya same ni, to zan faɗa, ko da yake magani ne bayan an binne mai ciwo.

Na farko, ku san wanda nake magana a kansa. Autana direba ne. Cikin 'ya'ya shida shi kaɗai ya rage mini a gida, shi da matarsa da jikokina uku. Aikin da ya riƙe gidanmu shi ne kai ma'aikatan jinya uku asibiti kowace safiya, kafin bakwai ta cika. Su a baya, ni a gaba, ranar da gwiwata ta yarda in fita rumfa. Ga ta nan kuna gani, gwiwar dama ta sandare shekara tara, ba ta lanƙwasuwa ko da sarki zan gaisar. Bara ya kai motarsa aka sa mata tukunyar gas a but, ya dawo yana murna kamar an yi masa haihuwa.

Na biyu, ciwon. Wata rana motar ta tafi lafiya lau. Wata rana kuma, da mun hau kwalbati ko mun faɗa rami, sai ta shaƙe, ta yi fizga, wutar nan ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari, mu tsaya a gefen titi mata uku suna duba agogo. Da ya sauke mu ya garzaya gareji, sai ta warke. Ta yi lum, kamar yaron da ya ga mai allura. A zaga da ita gari, ko tari ba za ta yi ba.

Na uku, likitocin. Na farkonsu ya jona kwamfutarsa, ya ce sensa ce ta mutu, wato ɗan abin nan mai kai wa ƙwaƙwalwar mota labarin inji. Aka sa sabuwa. Kwana biyar, ciwo ya dawo. Na biyu ya ce sabuwar jabu ce, aka sake wata. Na uku ya canja fulogi, ya wanke abin da ban san sunansa ba, ya goge laifin daga kwamfutar, ya ce shi ke nan. Ni dai a iya sanina, goge sunan mara lafiya daga littafin asibiti ba ya sa shi ya tashi. Na huɗu ya ce gas ɗin ne ba kyau, mai gas kuma ya ce injin ne ya tsufa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, mu kuwa kiwon sensa ne ya karɓe mu: aka yi ta sakewa har huɗu muka tara a kwali, kowacce lafiyarta ƙalau.

To jama'a, ni mai zare ce, na san inda zare ke tsinkewa ba nan ne aka ja shi ba. Na zauna na lissafa ranaku, sai na ga motar nan ba ta taɓa shaƙewa ba ranar da na kwana da ciwon gwiwa na zauna gida. Na sa auta ya kai ni garejin. Na ce wa maigidan wurin, “Ɗan nan, motar nan fa sai ina ciki take yi.”

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, “Kaka, ko kin taɓa zagin ta ne? Ki ba ta haƙuri mana.”

Na ce, “Ka hau mu zaga da ni ka gani.”

Ya ce, “Kaka, kwamfuta ta riga ta yi magana.”

Auta ya ja mayafina, ya ce a hankali, “Inna, don Allah kada ki kunyata ni gaban mutane.” Na yi shiru. Wannan shirun shi nake ci, shi nake kwana da shi har yau.

Sau bakwai matan nan suka makara. A na bakwai babbarsu ta ce, “Direba, ba mu ƙi ka ba, amma marasa lafiya ba sa jiran mota ta warke.” Suka samu wani. Labari ya zaga cewa motarsa ba ta da amana. Ya sayar da ita, ya karɓi tuƙin babbar mota a gari mai nisan kwana biyu, ya kwashe matarsa da yaran. An ce in bi su. Da wace ƙafar?

Na huɗu, kuma shi ya kawo ni. Wanda ya sayi motar mai wayarin ne, ga shi can yana sunkuyar da kai. Wata biyu motar ba ta yi masa ko atishawa ba. Ran nan ya gan ni a bakin titi ya rage mini hanya. Ramin farko, ta shaƙe. Na ce masa abin da na ce wa mai garejin nan. Shi bai yi dariya ba. Ya ce, “Mama, zauna yadda kike, kada ki motsa.” Ya zagayo ya durƙusa ya bi ƙafata da ido. Kowa in ya zauna gaba yana naɗe ƙafa. Tawa miƙe take, tana kaiwa can ƙuryar da ba mai kaiwa. A nan wanda ya sa gas ya cusa akwatinsa, ya yanka wayar sensa ya ɗaura tasa, bai narka musu dalma ba, ya murɗe da hannu ya naɗe da salatif. Da mun faɗa rami, sai in dafe da diddige, waya ta buɗe, labari ya yanke. Wata takwas ana dukan ɗan aike, ashe gada ce ta karye. Minti goma ya gyara.

Na kira auta na gaya masa. Ya ce, “Inna, ki yafe ni.” Na ce, “To ka dawo.” Ya ce ya riga ya sa hannu na shekara uku, yara sun shiga makaranta. Shekara uku, jama'a. Ku dube ni da kyau, ku yi lissafin da kanku.

Ba na zo in zagi gas ba, ba na zo in zagi kwamfuta ba. Kwamfuta ta san wanda ya yi shiru, ba ta san wanda ya toshe masa baki ba. Roƙona kaɗan ne. In kun haɗa waya, ku haɗa ta kamar mahaifiyarku ce za ta taka. In aka kawo muku ciwon da ke zuwa yana tafiya, kada ku tambayi mota kaɗai: ku tambayi yaushe, a ina, wa ke ciki, ina ya sa ƙafarsa. In tsohuwa ta faɗi abin dariya, ku yi dariyarku, ba a hana ku ba, amma in kun gama ku buɗe ƙofa ku leƙa.

Allah ya yi wa sana'arku albarka. Allah ya ba ku kunnen da ya fi na'urarku ji. Allah ya tsare direbobinmu a kan hanya, na kusa da na nesa, ya nuna wa kowace uwa dawowar ɗanta tana da rai. Shugaba ya ce akwai motar da za ta mayar da ni gida. Ku sa ni a baya.

Na gode.