Kofin Zinare a Makon da Aka Binne Harira

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban taro, Injiniya Garba, Allah ya ƙara maka lafiya. Iyayenmu a wannan sana'a, waɗanda suka fara ta tun kwamfuta tana da ƙeya kamar tukunya, ina gaishe ku da girmamawa. Masu kamfanoni da manajoji, 'yan'uwana masu rubuta manhaja maza da mata, na zaune da waɗanda suka rasa kujera suka jingina da bango, waɗanda suka taso daga Mando da Kawo da mu 'yan nan Unguwar Kanawa, barkanku da zuwa.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu. Ina godiya ga shugabannin wannan ƙungiya da suka ɗora mini bincike, ni Shamsiyya, duk da sun san ba na iya tauna magana. Idan na ɓata wa wani rai yau, ya yi haƙuri, nawa ran ya riga nasa ɓaci.

Abu biyu aka kawo gabanku ku ɗaga wa hannu. Na ɗaya, a cire sunan Malam Sabo daga ƙungiya saboda kuskuren da ya yi a manhajar neman jini. Kun san ma'anar haka: babu kamfanin da zai ƙara ɗaukarsa a garin nan, ga shi da furfura, ga iyali. Na biyu, a shawarci kowane kamfani ya ɗauki tsarin wasa irin na wurin da yake aiki, wai yana zaburar da ma'aikata. An ce mini maganganun biyu daban-daban ne. Wallahi magana ɗaya ce, kuma abin da na zo in nuna muku ke nan.

Da farko, ga abin da ya faru, don wanda bai ji ba. Wannan manhaja aikinta ɗaya ne. Idan mara lafiya yana buƙatar jini, asibiti ya shigar da buƙata, ita kuma ta tura saƙo ga masu ba da jini da ke kusa, waɗanda nasu ya dace. Harira matar Malam Lawal ce, direba a tashar Kawo, Bazamfare. Ta haihu bayan azahar, jini ya ɓalle mata. Ma'aikaciyar jinya ta shigar da buƙata, ta danna alamar gaggawa kamar yadda aka koya mata. Kuskuren da ke cikin manhajar shi ne, duk buƙatar da aka sa wa alamar gaggawa, maimakon ta hau gaban layi sai ta koma can ƙarshe. Harira ba ta kai magariba ba. Saƙon ya fita washegari da hantsi. Wani bakanike daga Mando, Hassan, ya bar motar mutane a buɗe, ya hau babur, ya iso asibiti yana naɗe hannun riga. Aka ce masa ai an tafi kai ta.

Na sani, ajali ne, kuma babu mai ƙara wa wani numfashi ɗaya. Amma mu ba a tara mu nan don mu yi hukunci a kan ajali ba, an tara mu a kan aikin hannunmu.

Na biyu, ga wasan da ake yabo. Na je ofishin na gani da idona. Ƙaton allo ne a bango, yana fuskantar ƙofa, har mai kawo shayi yana karantawa. Sunan kowa yana kai, da makinsa. Ka gama aiki, allo ya tafa maka. Ka yi sauri, ya ba ka tauraro. Wanda ya zo na ɗaya, ranar Juma'a a yi masa tsire, a ɗauke shi hoto. Ban ce babu daɗi ba. Matasan sun ce mini da farko har ɗokin Litinin suke yi. Sai dai allon yana da ƙasa kamar yadda yake da sama. Idan ka gano kuskure a aikin wani ka shigar, makinsa ya ragu, naka ya ƙaru, allo ya busa usur irin na alƙalin wasa, sunansa ya yi ja kowa yana kallo. Wanda kuma ya daɗe a ja, jan kati ne, a sallame shi. Manajan ya faɗa mini da fara'arsa: "Hajiya, ai ba mu muke kora ba, maki ne." To, maki ne ya sayo allon? Maki ne ya rataye shi?

Na uku, kuma a nan nake roƙon ku saurara da kyau, ga abin da wanda ya kwaso wannan tsari bai lissafa da shi ba. Malam Sabo ba sa'an yaran nan ba ne. Shi ya koya wa yawancinsu aikin. Wasu a falonsa suka fara taɓa kwamfuta, matarsa tana zuba musu abinci. Baba suke ce masa. Kafin allo ya zo, idan ɗaya ya ga kuskure a aikinsa, sai ya tashi ya je gefensa, ya rage tsawo, ya ce, "Baba, ɗan duba mini wurin nan, kamar ban gane ba." Ya gane sarai! Malam Sabo ya duba, ya yi murmushi, ya gyara, ya ce Allah ya yi albarka. Aiki ya gyaru, mutunci bai zube ba. Haka muka taso, haka muke gyara wa manya, kuma ba mu taɓa jin an mutu saboda haka ba.

Allo ya toshe wannan hanya. Da zarar an miƙa aiki, duk wanda ya taɓa shi, ko mai shi ne, na'ura za ta rubuta kuskure ne, usur ya tashi. Babu sauran gyara a asirce. Ga Malam Sabo ya riga ya yi nisa a ja, domin hannunsa ba ya sauri kamar na yara, kuma rabin yininsa yana tafiya ne a teburin wasu yana warware musu matsala, abin da allo ba ya ba wa maki ko ɗaya. Usur guda ya rage masa.

Jama'a, an ga kuskuren nan. Ba mutum ɗaya ne ya gan shi ba. Matasan da ke duba aikin sun gan shi tun kafin Harira ta fara naƙuda. Na zauna da su ɗaya bayan ɗaya. Ɗayansu, yana magana hawaye na zuba, ya ce mini: "Anti, ta yaya zan danna abin da zai busa wa Baba usur, a kore shi, ni kuma a ƙara mini maki a kai? Da wane ido zan shiga unguwarsu? Sai muka ce mu bari wata ya ƙare, allo ya koma sifili, sannan mu shigar." Kara suka yi masa. Shi kuwa bai ma san da kuskuren ba, domin sun san idan ya ji, da hannunsa zai busa wa kansa. Suna jiran ƙarshen wata, cikin Harira bai jira ba.

Ba na wanke su. Sun yi ganganci, sun auna ran da ba su gani ba da fuskar da suke gani kullum, kuma za su daɗe suna ɗauke da wannan. Ba na wanke Malam Sabo, kuskuren nasa ne, shi ma bai musa ba. Amma ku gaya mini, waye a ɗakin nan bai taɓa juya layi a manhaja, gaba ya koma baya ba? Waye? Kuskure abincinmu ne na kullum, shi ya sa ake sa wani ya duba aikin wani. Abin da ya kashe mu shi ne an mayar da dubawar ta zama cin amana. An ɗauki kunyarmu, wadda da ita muke gyara juna, an juya ta ta zama abin rufe baki.

Kun san abin da ya fi ƙona mini rai? A makon da Harira ta rasu babu wanda ya shigar da kuskure ko ɗaya. Sai allo ya ba rukunin su Malam Sabo babbar kyautarsa, kofin zinare na mako mai tsabta. Ya tafa musu ranar Juma'a, an ci tsire. Ran Alhamis aka binne Harira. Kofin yana nan a kusurwar allon yana ƙyalli, ni na gan shi, babu wanda ya tuna ya kashe.

Na huɗu, ga roƙona. Ba na ce a hana wasa ba, matasa ne, suna son tafi, ni ma ina so. Amma maki ya zama na rukuni gaba ɗaya, kada a ƙara rataye sunan mutum a ja. Wanda ya gano kuskure da wanda ya gyara nasa, a tafa musu tare. A bar ƙofar da ƙarami zai je gefen babba ya yi masa raɗa. Kuma kada abincin kowa ya ƙara rataya a kan allo, domin daga ranar da wasa ya iya korar mutum, ya tashi daga wasa. Idan ba za a yi haka ba, to kada sunan ƙungiyar nan ya hau kan wannan tsari.

Malam Sabo bai shigo ba, yana waje a gindin darbejiya yana jiran hukuncinku. Da na je gidansa abu ɗaya ya roƙe ni. Ya ce, "Shamsiyya, ki sa sunana ni kaɗai. Yaran nan yanzu suka fara, kada ki ambace su." Shi ya sa ba ku ji sunansu a bakina ba. Sun yi masa kara ta zama masifa, shi ma ga shi yana yi musu. Idan kuka cire shi kuka bar allon, kun kori mutumin da zai yarda ya ɗauki laifi, kun ajiye abin da ya hana a faɗi laifin.

Na je wa Malam Lawal gaisuwa a Kawo. Jaririyar ta rayu, an mayar mata da sunan uwarta. Bai yi faɗa ba, bai zagi kowa ba. Da zan tashi ya ce, "Hajiya, ni ban san aikinku ba. Amma da wani ya yi magana, da saƙon ya tafi a kan lokaci?" Na ce masa zan kai tambayarsa wurin waɗanda suka san aikin. To, ga ta na kawo. Ku amsa masa kafin ku ɗaga hannu.

Allah ya jiƙan Harira, ya raya abin da ta bari. Allah ya ba Malam Lawal haƙuri. Allah ya ba mu bakin faɗar gaskiya tun tana da amfani, ya tsare rayukan mutane daga sakacin hannuwanmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.