Goro Bakwai a Gefe

Ruwan sama ya tsare mu a rumfar wani shago a Sabo. Kusa da ni wata mata mai furfura tana rubutu a littafi bisa gwiwarta, wani dattijo mai sayar da goro yana leƙawa.

"Hajiya, aikin makarantar jikanki kike yi masa?"

"Nawa ne. Ran Asabar zan rubuta jarrabawa, karo na uku ke nan."

"Da furfurar nan? Ki bar wa yara mana. Wannan gicciyen kuma mene ne?"

"Shi ne x, adadin da ake nema. Uku ɗinsa da bakwai sun tashi arba'in. Na ƙara bakwai a kan arba'in, ya ƙi rabuwa gida uku."

"Ƙarawa kuma? Kashi uku na goro, da bakwai a gefe, duka arba'in. Ai na gefen za ki fara kwashewa, saura talatin da uku. Kowane kashi sha ɗaya ke nan."

Ta duba, ta soke abin da ta rubuta.

"Ko ka yi shiru zan gano."

"Ai sau biyu ba ki gano ba."

"Sau biyu na faɗi, amma da hannuna na rubuta sunana a takardar. Kai fa, Alhaji?"

Ya ƙara matsowa kusa da littafin.

"Shekara arba'in ina dangwala yatsa. Makarantar taku tana ɗaukar maza?"

"A Mokola take, bayan la'asar. Ka zo da bironka, ni ba na ba da aro."