Numfashi a Kafaɗar Hagu

A ɗakin jiran likitan ƙwaƙwalwa na 'yan wasa, wata gwarzuwar tsere ta zauna kusa da wani tsoho mai sanda, tana ta waiwaye.

"'Yata, ta wace kafaɗa yake hura miki iska?" in ji tsohon.

Ta juyo ta dube shi. "Ta hagu. Baba, wa ya gaya maka?"

"Ba a waiwayen banza. Ni ma na yi gudu a zamanina."

"Ko ni kaɗai ce a fili, ina jin numfashinsa a wuyana. Kocina ya ce kar in yarda a yi mini magani sai bayan gasa, wai tsoron ne ke ciyo mana lambar zinare."

"Haka nawa ya ce. Na bi maganarsa har na kwashe kofi shida."

"To, da ka daina gudu, ya rabu da kai?"

Tsohon ya dubi kujerar hagunsa, wadda ba kowa a kanta, ya ɗan muskuta ya ba da wuri.

"Shiga ki faɗa wa likita komai, 'yata. Ai da na tsaya ne ya kamo ni."