Filin Ƙwallo da Gonar Uwaisu

A tashar Daura, Malam Uwaisu manomi yana jiran motar Mashi ta cika, sai saurayin da ke gefensa ya shiga yabon filin ƙwallon da ake raɗe-raɗin ginawa a Mashi.

"Baba, in gwamnati ta zuba kuɗi, manyan kulob za su zo, gari ya cika."

"Kulob ɗin na gwamnati ne?"

"A'a, na 'yan kasuwa ne."

"Kuɗin ƙofa fa, wa zai karɓa?"

"Su mana. Amma ai kowa zai amfana."

"Wato a gina da harajina, sannan in biya in shiga." Uwaisu ya ƙare masa kallo. "Kai ɗan ƙwallo ne?"

"Ko kallo ba na yi."

"To me ya dame ka da shi haka?"

"Kishin gari ne kawai." Saurayin ya matso, ya rage murya. "Ɗazu na ji kana cewa gonarka a bakin titi take. In za ka sayar, Baba, kada ka nemi kowa, ga ni."

Uwaisu ya ce, "Ashe har an zaɓi wurin."