Littafin da Na Tokare Taga da Shi

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, da fatan kina lafiya.

Kin ce kowa ya faɗi littafin da ya fi burge shi bana. Ni tsohon malamin firamare ne a Gwallaga, ni kaɗai a gida, kuma tun ina saurayi littattafan 'yan Arewa kawai nake maimaitawa. Bara maƙwabciyata Maman Chidi, mai shagon kayan miya, ta ba ni littafin wata marubuciyar garinsu. Ta ce, "Baba, ka ɗanɗana namu mana." Na ce to, sai na tokare taga da shi.

Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, ta kawo mini farfesu. Ta ga littafin a taga, ruwan sama ya kumbura shi. Ta ajiye kwanon ta ce, "Baba, sha da zafinsa."

Sai da ta koma Kudu na buɗe shi. Akwai wani tsoho a ciki, shi ma ba mai leƙa shi sai maƙwabciya. Wallahi kuka na yi.

Littafin nan shi ne gwanina bana, amma ba ni da lambar Maman Chidi. Jama'ar Gwallaga, don Allah duk mai jin ɗuriyarta ya gaya mata Baba ya karanta, kuma ta yafe masa.