Tagar Tolegen

A tashar bas ta wata unguwa a bayan birnin Almaty na ƙasar Kazakhstan, wata dattijuwa ta hango 'yar na'ura a hannun wani mutum mai suna Tolegen.

"Ɗan'uwa, rediyo ce?"

"Ina! Ta awon radon ce, iskar nan da ke tasowa daga ƙasa tana lalata huhu. Na'urar ta nuna iskar ta yi yawa a ɗakinmu. Wai mu riƙa buɗe taga."

"To ai da sauƙi. Me ya ɓata maka rai?"

"Tun aurenmu matata ke buɗewa, ni ina rufewa."

Dattijuwar ta ƙyalƙyale da dariya. "Ka gaya mata?"

"Tukuna. Na dai buɗe yau, na ce zafi nake ji."

"Cikin ƙanƙarar nan?"

"Bargo ta miƙo mini, tana murmushi."