Baƙar Kazar Kasuwar Kusko

A shekarar da annoba ta shiga birninmu na Kusko, ina zaune a bakin kasuwa da tafarnuwa rataye a wuya, kamar kowane mai ilimi, sai wata mata ta tsaya gaban wata tsohuwa mai sayar da kaji.

"Iya, kumburin ya fito wa mijina Toribio a hammata. An ce a fige gindin kaza mai rai a ɗaura a wurin."

"Haka ne, 'yata. Kazar ta zuƙe dafin ta mutu, shi kuma ya tashi."

"Kin taɓa gani da idonki?"

"Ni da na yi wa nawa mijin? Melchor ya wuni da waccan baƙar a hammata, tana kuka yana zagi."

"Waccan? Ai ga ta can tana tsattsagar masara!"

"To, ita Allah ya yi mata nisan kwana."

"Shi fa?"

"Yana bayan coci. Ya huta, mun huta. Rabu da ita, ga wata ja, da ganinta ba za ta kai gobe ba."

Matar ta shafa wani tabo a goshinta.

"Iya, naki yana duka?"

"Sai ranar da ya sha giya, kuma bai taɓa fashi ba."

"Nawa ko bai sha ba. Danginsa sun ce in nemo kaza, amma ba su faɗi launi ba. Kamo mini baƙar."

"Wannan aronta nake bayarwa, 'yata. Ki dawo da ita da wuri, akwai masu jira."